Scat Pack ko Hellcat: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ko Ƙarin Kuɗin Ya Cancanta

Duk wanda ya shiga neman Dodge Charger ko Challenger zai tarar jiki kusan iri ɗaya ne, amma farashi hawa-hawa, har wata ta ninka wata sau biyu ko uku. Tambayoyin da ke ƙasa su ne masu niyyar saye suka fi maimaitawa, musamman waɗanda suka tsaya tsakanin Scat Pack da Hellcat. Motocin na Amurka ne, alƙaluman ma na can ne. Inda zancen ya shafi mai shigo da su Najeriya ko Nijar, an faɗa a wurin.

Wace irin mota ake magana a kanta?

Tsarin tsoho ne: a ɗauki mota ta gama-gari, a dasa mata babban inji mai silinda takwas, ƙarfin ya tafi tayoyin baya, a sayar a farashin da mai albashi zai iya kaiwa. Pontiac GTO ta 1964 ake yawan cewa ita ta buɗe ƙofa. Zuwa 1970, shekarar Challenger ta farko, kusan kowane kamfanin Detroit yana da tasa. Daga nan tsadar inshora, dokokin hayaƙi da takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa a 1973 suka taru suka durƙusar da kasuwar.

Kamfanin Dodge ya dawo da Charger a 2006 da ƙofa huɗu, ya dawo da Challenger mai ƙofa biyu a 2008. A masana'antar Brampton da ke lardin Ontario na Kanada aka riƙa ƙera su, har aka daina a Disamban 2023. Ke nan kusan duk wadda za ka samu yau ta riga ta zauna a hannun wani, kuma yadda wancan mutumin ya riƙe ta ya zama rabin lissafinka. Amsar da ke kan motocin gwanjo ta yi bayanin wannan.

Matakai nawa ne, kuma me ya raba su?

Inji ne ya raba su. A samfurin 2015 zuwa 2023, SXT da GT suna da inji mai silinda shida, lita 3.6, ƙarfin doki wajen 300. R/T ita ce farkon mai silinda takwas, injin Hemi lita 5.7, ƙarfin doki 370 zuwa 375. Scat Pack tana da Hemi lita 6.4, wanda ake rubuta wa 392 a gefen mota, ƙarfin doki 485.

Daga nan sai Hellcat. Injinta lita 6.2 ne, ya ɗan gaza na Scat Pack girma, amma an ɗora masa sufacaja, wato na'urar da bel ke juyawa tana cusa iska cikin inji da ƙarfi. Ta fito a 2015 da ƙarfin doki 707, daga baya aka kai shi 717. Sama da ita akwai Redeye mai 797, da Demon ta 2018 wadda aka ƙera guda 3,300 kacal, mai 840 idan an zuba mata man tsere, sai Demon 170 ta 2023 mai 1,025 da man E85 mai yawan etanol.

Nawa ne bambancin kuɗin?

A 2015 sabuwar Challenger SXT ta fara daga wajen dala 27,000, R/T wajen 31,500, Scat Pack wajen 38,500, Hellcat kuma wajen 60,000. Ka dubi giɓin da kyau. Daga R/T zuwa Scat Pack dala 7,000 ta sayo maka ƙarin ƙarfin doki 110. Daga Scat Pack zuwa Hellcat sai ka ƙara fiye da dala 21,000 don samun 222. A mataki na farko kowane ƙarfin doki ɗaya ya kama kusan dala 65, a na biyu ya doshi dala 100. Farashi ya yi ta hawa har zuwa 2023, amma giɓin tsakanin biyun ya ci gaba da zama wajen dala 20,000 ko fiye.

Ga mai biya da naira giɓin ya fi haka ciwo. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 ta haura 1,500. Kuɗin fito na kwastam yana bin darajar mota ne da dala, saboda haka duk dalar da ka ƙara a Amurka za ta sake biyo ka a tashar Tin Can ta Legas, ko a wurin kwastam idan motar Nijar za ta.

Ban da ƙarfin inji, me ƙarin kuɗin Hellcat ke saya?

Abubuwa da yawa, kuma na gaske ne. Cikin injin daban yake: fistin ɗinsa da karanshaf an ƙera su don jure matsin sufacaja. Giyabos ɗin otomatik mai giya takwas an ba ta wanda ya fi na Scat Pack ƙarfi, an kuma ƙarfafa sandunan da ke kai ƙarfi tayoyin baya. Birkin gaba na Brembo ne mai fistin shida da faifai mai faɗin milimita 390. Shokozoba na Bilstein ne da ake sauya taurinsu daga allo. Sannan akwai wani zagayen ruwa na daban da ke sanyaya iskar da sufacaja ta matse.

Wanda ya ce Hellcat Scat Pack ce da aka liƙa wa kan mage a gefe bai san motar ba. Kamfanin bai cuci mai saye a kayan aiki ba. Abin tambaya shi ne ko kai za ka taɓa kai motar inda waɗannan kayan za su nuna aikinsu.

To a kan titi za a ji bambancin?

Za ka ji a kunne da ƙirji: kukan sufacaja da yadda take manna ka da kujera. A agogo kuwa bambancin bai kai yadda ake zato ba. Gwaje-gwajen mujallun motoci sun nuna Scat Pack na kaiwa kusan kilomita 100 a awa cikin sakan 4 da 'yan kai, Hellcat kuma wajen sakan 3.6. Dalili shi ne taya. Hellcat ta asali tana da taya mai faɗin milimita 275, kuma tayoyi biyu irin wannan ba za su iya sauke ƙarfin doki 707 a kan kwalta ba. Ka taka totur da ƙarfi daga tsaye, sai hayaƙi ya tashi motar tana nan tana jujjuya baya.

Inda Hellcat take nuna asalinta shi ne bayan an wuce kilomita 120 a awa, da kuma filin tseren mita 402, inda take yin sakan 11.2 da tayarta ta kamfani, Scat Pack kuma sakan 12 da ɗoriya. Charger Hellcat tana kai kilomita 328 a awa. Iyakar gudun da hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, ta sa wa ƙananan motoci a manyan tagwayen hanyoyi kilomita 100 ne. Ko a ajiye doka gefe, hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano da tirelolinta, da shanu masu tsallakawa, da 'yan acaɓa masu shigowa ba sigina, ba wurin neman irin wannan gudun ba ne. Rayukan da ke kan hanyar ba na direban kaɗai ba ne.

Akwai abin da ya fi duk alƙaluman nan bayyana lamarin. Hellcat tana zuwa da makullai biyu, ja da baƙi. Jan yana sakin ƙarfin gaba ɗaya, baƙin yana taƙaita shi zuwa 500. Wato kamfanin da kansa ya ga ya dace a samu hanyar mayar da ita ƙarfin doki 500, kuma wannan da 485 na Scat Pack duk tafiyar ɗaya ce. Lokacin da ake ƙera ta, mai saye sabuwa a Amurka har horon tuƙi na yini guda ake ba shi a wata makarantar tsere da ke jihar Arizona. Mai sayen ta hannu ba ya samun wannan.

Daga mai silinda shida ko R/T zuwa Scat Pack fa, wannan ya cancanta?

Idan fetur mai kyau yana samuwa inda kake, eh, kuma a nan ne nake ganin kuɗi ya fi yin aiki. Ƙarin ƙarfin doki 110 a kan R/T ana jin sa kullum, a tashi daga danja da wajen wuce babbar mota, ga birkin Brembo mai fistin huɗu da ƙafafu masu tauri, ga sautin salansa da mutane ke sayen waɗannan motoci dominsa. Kuma injin ba shi da sufacaja, saboda haka ba shi da ƙarin kayan da za su lalace.

Mai silinda shida kuwa mota ce mai kyau ta yau da kullum, ba ta tsangwamar mai, kayan gyaranta sun fi samuwa domin injin yana cikin Jeep Grand Cherokee da Chrysler 300 da wasu da yawa. Wanda siffar motar ce ta burge shi ya saye ta hankali kwance. Ya dai sani ba ita ce motar da ake ba da labari ba.

Yaya shan mai?

A ƙiyasin hukumar kare muhalli ta Amurka, Hellcat na shan wajen lita 18 a kowane kilomita 100 cikin gari, wajen 11 a doguwar hanya. Scat Pack wajen lita 16 cikin gari, mai silinda shida wajen 12 da rabi. Tankin duka lita 70 ne. A takarda tazarar Hellcat da Scat Pack kaɗan ce, amma wannan lissafin na mai tafiya a hankali ne. Idan aka danne totur har ƙasa, Hellcat na iya zuƙe fiye da lita 5 a minti ɗaya, wato ta ƙarar da tanki cikin kusan minti 13. Scat Pack mai otomatik kuma tana kashe silinda huɗu idan ana tafiya a miƙe ba nauyi, abin da Hellcat ba ta yi.

Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Masu doki sun san wannan tun da: sayensa rana ɗaya ne, harawa da dusa kuwa kullum.

Fetur ɗin da ake sayarwa a nan zai yi mata?

Wannan tambayar ta fi ta shan mai nauyi, kuma ita ce mutane suka fi tsallakewa. A gidan man Amurka famfo yana da zaɓi: 87, 89, sai 91 ko 93. Lambar tana nuna yadda mai ke jure matsi bai kama da wuta kafin lokaci ba. Hellcat da Scat Pack duka 91 kamfanin ya ce a ba su, wanda a ma'aunin Turai ya yi daidai da wajen 95. A yawancin gidajen man Najeriya fetur iri ɗaya ne, ba a ma rubuta lambarsa a famfo.

Idan man ya gaza, sai ya riƙa fashewa kafin fulogi ya ba da wuta. Kwamfutar motar tana jin wannan ƙwanƙwasar ta jinkirta wuta don kare inji, ƙarfi ya ragu. Ke nan ka biya kuɗin 707 kana tuƙa abin da bai kai ba. Kuma kariyar tana da iyaka: a rana mai zafi, da totur a ƙasa, da matsin sufacaja, fistin na iya tsagewa. Masu motoci a Najeriya ba su manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da fetur mai yawan metanol ya shigo ƙasar ya lalata injuna. Maganin ƙara lamba da ake zubawa a tanki yana taimakawa idan na kirki ne, amma kuɗi ne a kowane cikon tanki, kuma da yawa daga ƙananan kwalaben kanti abin da suke ƙarawa kaɗan ne.

Scat Pack ma ba ta tsira ba, domin matsin injinta, wato yadda fistin ke matse iska da mai, 10.9 ne a kan 1. R/T mai otomatik ce aka ce a ba ta 89 kuma za ta karɓi 87, mai silinda shida kuma 87 ya ishe ta. Wanda yake zaune inda ba shi da gidan man da ya amince da shi, ko wanda kan sha a hannun 'yan bumburutu idan tafiya ta kama, R/T ce iyakarsa.

Kuɗin kula da ita fa?

Injin Scat Pack da na Hellcat duka baƙin mai na sintetik suke sha, lamba 0W-40, ana juyewa duk wata shida ko kilomita 10,000, wanda ya riga zuwa. A ƙurarmu da zafinmu gara a rage wannan tazarar. Kowane Hemi yana da fulogi 16, biyu a kowace silinda. Har nan kuɗinsu kusan ɗaya ne.

Rabuwar tana zuwa a taya da birki. Motar ta kai tan biyu, ƙarfin duka yana tayoyin baya, saboda haka mai nauyin ƙafa zai cinye tayar baya tun ta gaba tana sabuwa. Faifan birkin Hellcat mai ɓangare biyu ya ninka na Scat Pack mai fistin huɗu tsada, kuma da wuya ka shiga Ladipo a Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano ka ɗauko shi a kan kanta. Yawanci oda ake yi daga Amurka ko Dubai, motar ta zauna tana jira. Kafin ka saya, ka fara nemo bakaniken da ya taɓa buɗe Hemi kuma yake da na'urar da ke karanta kwamfutar Dodge. Idan babu shi a garinku, ka sa kuɗin kai motar Abuja ko Legas a lissafi.

Wacce ta fi ƙarko?

Injunan duka masu ƙarfi ne idan an kula da su, giyabos ɗin otomatik kuma, wanda asalin zanensa na kamfanin ZF na Jamus ne, yana da suna mai kyau. Ciwon da aka san Hemi da shi shi ne wani ƙas-ƙas daga saman inji. Idan yana yi da safe ya ɗauke bayan inji ya yi zafi, sau da yawa ƙusoshin bakin salansa ne suka karye, gyara mai sauƙi. Idan ya ƙi ɗaukewa, to ana zargin lifta, ɗan ƙarfen da ke tura bawul, ce ta maƙale tana cin kamshaf, kuma wannan sai an buɗe inji. An fi ganin sa a motocin da ke daɗewa a kunne suna tsaye, irin na 'yan sandan Amurka. Al'adarmu ta barin mota a kunne awa guda saboda sanyin AC tana ciyar da wannan ciwon gaba.

Hellcat tana da duk wannan, ga sufacaja a kai. Masu samfurin farko, na 2015 da 2016, sun yi ta kukan lalacewar boris ɗin cikinta. Ba kowace ke yi ba, amma idan ta yi, kuɗin ba na wasa ba ne.

Zafi, ƙura da hanyoyinmu za su bar ta?

Sufacaja tana matse iska, iska matsattsiya kuma zafi take yi. A watan Afrilu a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, inda zafi ke haura digiri 40, na'urar sanyaya iskar tana farawa ne da iskar da ta riga ta yi zafi, kwamfuta kuma ta rage ƙarfi. Challenger Hellcat tana da rami a tsakiyar fitilar gaba ta ɓangaren direba, wanda ke kai iska kai tsaye akwatin matatar iska. A lokacin hunturu ƙura ce ke bin wannan hanyar, saboda haka matatar na son dubawa akai-akai.

Tsakanin cikin motar da ƙasa bai kai santimita 13 ba, leɓen bambar gaba kuma ya fi haka sauka. Tudun rage gudu na cikin unguwa, gangaren shiga gida da ramukan damina duk abokan gabarta ne. Taya mai siririn gefe a kan rim inci 20 ba ta yafe rami. Wannan ya shafi Scat Pack ma, sai dai abin da ya fashe a Hellcat ya fi tsada.

Faɗaɗɗen jiki, wato Widebody, ado ne kawai?

A'a. An faɗaɗa motar da kusan santimita 9 don ta ɗauki taya mai faɗin 305, kuma wannan yana magance matsalar riƙon kwalta da aka ambata a sama. Challenger Hellcat ta samu shi a 2018, Scat Pack a 2019. Scat Pack Widebody tana zuwa da birki mai fistin shida da shokozoba masu sauyawa, wato ƙafafun Hellcat ba tare da sufacaja ba. A ganina ita ce mafi daidaito a gidan gaba ɗaya. Tayar 305 dai ta fi tsada, ta fi wuyar samu.

In sayi Scat Pack in ɗora mata sufacaja, ba na samu Hellcat a araha ba?

Mutane da yawa a Amurka sun gwada, kuma an san inda abin ke ƙarewa. Fistin ɗin injin 6.4 ba a yi su don matsin sufacaja ba, matsin injin ma ya riga ya yi sama: 10.9, alhali na Hellcat an sauke shi zuwa 9.5 da gangan. Ƙarin matsi kaɗan gefen fistin yake fasawa. Idan za a yi abin da kyau sai an canza fistin, an ƙara famfon mai da nozul, an buɗe kwamfutar motar wadda tun daga 2015 a kulle take zuwa, an kuma samu gwanin saiti. Ka tara wannan duka, ka kusa kuɗin Hellcat, motarka kuma ta rage daraja a idon mai saye na gaba. Da fetur ɗin da ba a san lambarsa ba, kada ma a fara.

Ba a ce Hellcat tana riƙe daraja ba, tunda an daina yin ta?

Akwai gaskiya a ciki, amma an faɗaɗa ta. Misalin da ake kawowa shi ne Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi da aka sayar dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum a 2014. Irin wannan 'yan ƙalilan aka ƙera. Demon ma tana da iyakantaccen adadi, kuma masu tara motoci suna neman wadda ba ta yi tafiya ba. Hellcat ta gama-gari kuwa shekara tara aka yi ana ƙera ta ba ƙayyadewa.

Darajar da ake magana tana bin mota mai tsabtataccen tarihi ne, mai ƙarancin tafiya, a kasuwar Amurka. Wadda ta fito daga gwanjon haɗari, aka gyara ta, ta yi shekaru a hanyoyinmu, ta fita daga wannan sahun. Kuma masu iya sayen Hellcat a Abuja ko Kano kaɗan ne, galibinsu sun fi son su yi odar tasu. Ranar da ka matsu da kuɗi za ka gane ƙanƙantar kasuwar.

Na ga Hellcat a gwanjo a farashin Scat Pack. In ɗauka?

Ka fara tambayar abin da ya kai ta can. Yawancin motocin gidajen gwanjo na Copart da IAA kamfanonin inshora ne suka biya masu su suka karɓe, saboda haɗari, ambaliya ko sata. Mota mai ƙarfin doki 707 ba kasafai take yin ƙaramin haɗari ba. Wadda aka sace aka gano kuma, ɓarayin ba lallaɓa ta suka yi ba, wani lokaci ma an cire mata kaya an mayar da na banza. Mafi sharri ita ce ta ruwa. Bayan guguwar Harvey a Houston a 2017 da Ian a Florida a 2022, motoci masu ɗimbin yawa sun shiga gwanjo jikinsu lafiya lau, wayoyinsu da kwamfutocinsu kuwa suna ruɓewa a hankali.

Scat Pack mai tsabtar takarda da tarihin juyen baƙin mai ta fi Hellcat mai rauni, ko da farashinsu ɗaya. Ka sa lambar VIN, wato lambar shasin mota, a intanet, sau da yawa hotunan gwanjon suna nan, za ka ga motar kafin mai gyaran bodi da mai fenti su taɓa ta. Ka nemi rahoton tarihin mota na Carfax ko AutoCheck da kanka, kada ka tsaya ga wanda dillali ya turo maka.

Gaskiya ne ɓarayi sun fi son ta? Inshora fa?

Gaskiya ne. Cibiyar HLDI mai tattara bayanan asarar inshora a Amurka ta fitar a 2023 cewa satar Charger Hellcat samfurin 2020 zuwa 2022 ta ninka ta matsakaiciyar mota fiye da sau 60. Abin ya kai Dodge ya fito da wata manhaja a 2021 da ke hana inji wuce gudun tsayuwa sai an saka lambar sirri. Wani kaso na motocin da ake sacewa a Amurka da Kanada yana biyowa ta tasoshin Afirka ta Yamma, kuma idan aka gano a hannunka, mota da kuɗi duka sun tafi. Shafin VINCheck na NICB, mai yaƙi da laifukan inshora a Amurka, yana duba rahoton sata kyauta.

A Najeriya inshorar dole ta koma naira 15,000 daga Janairun 2023, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, ba ta biyan motarka ko kwabo. Cikakkiyar inshora kaso ce ta darajar mota, saboda haka ta Hellcat za ta fi ta Scat Pack duk shekara.

Mustang da Camaro ma haka lissafin yake?

Kusan haka. Mustang GT mai lita 5.0 ta samu ƙarfin doki 460 a 2018, Shelby GT500 ta 2020 zuwa 2022 tana da 760. Camaro SS 455, ZL1 650. A duka gidajen uku, matakin mai babban inji marar sufacaja shi ne inda kuɗi ya fi amfani. Bambanci ɗaya: ZL1 da Shelby sun fi Hellcat sauƙin nauyi da iya kwana, saboda haka mai zuwa filin tsere mai lanƙwasa yana ganin amfanin kuɗinsa a fili. Dodge ta fi su faɗin ciki, kuma Charger ce kaɗai mai ƙofa huɗu da za ta ɗauki iyali. Camaro ma an daina ƙera ta a ƙarshen 2023.

To wa ya kamata ya sayi Hellcat?

Wanda yake da wata motar ta zirga-zirga, yake da tabbacin fetur mai kyau da bakanike, yake da filin da aka killace inda zai sake ta, kuma kuɗin sabuwar sufacaja ba zai taɓa cefanen gidansa ba. Irin wannan mutumin zai samu abin da ya biya, domin babu wata mota a wannan farashi mai irin halinta. Son abu ma dalili ne, ba sai an ɓoye shi a bayan lissafi ba. Wanda zai tattara duk abin da yake da shi ya kai ga farashin saye kawai, ko wanda ita ce za ta zama motarsa tilo, ya tsaya a Scat Pack, ko a R/T idan amsar da ke kan fetur ta shafe shi.

Yaya zan gane ta gaske ce, ba SXT aka yi wa kwalliya ba?

Bamba, bonet, rim da tambari duk ana sayar da su, kuma ana yi wa masu silinda shida wannan shigar sosai. Lambar VIN ce shaida. Haruffa 17 ne, a samfurin 2015 zuwa 2023 tana farawa da 2C3, kuma na takwas shi ke faɗin inji: G na lita 3.6, T na 5.7, J na 6.4, lamba 9 na mai sufacaja. Ka gwada wadda ke ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofar direba da ta takardun kwastam, sannan a sa na'ura a karanto wadda ke cikin kwamfutar motar. Duka huɗun su zo ɗaya.

Agogon gudun Scat Pack yana tsayawa a mil 180, na Hellcat a 200, na Redeye a 220. Ka buɗe bonet ka ga sufacajar da idonka. Ka nemi jan makulli, domin yin sabo kuɗi ne da wahala. Ka ce kada a tayar da motar kafin ka iso, ka taɓa injin ka tabbatar da sanyi, sannan a kunna kana tsaye a gefe kana sauraron ƙas-ƙas ɗin da aka yi bayani a amsar ƙarko. Ka ɗaga kafet ɗin but da na ƙarƙashin kujeru ka nemi laka, tsatsa ko warin ruwa, kuma a ɗaga motar sama bakanikenka ya duba ko an taɓa miƙe ƙashin gaba da walda.